Hayaƙin da Na Ɓoye a Motar Baba Habu

Kafin a san ni da sata, da kunne aka san ni. Makanike ne ni a Gumel, kuma in mota ta shigo garejina, daga jin kukanta nake faɗa wa direba ciwonta. Ba yunwa ce ta kai ni gidan yari ba, haɗama ce tsagwaronta. Ina so matasa masu riƙe da sifana su ji yadda ta fara.

Da fulogi ta fara. In cire mai kyau, in wanke tsoho da fetur in mayar. Da na ga ba wanda ya gane, sai na koma batir, na koma kafireta. Daga nan na haɗu da wani dillali a Maigatari mai tsallakar da kayan mota iyaka, ya ce in bar wasan yara, inji sukutum yake so.

A shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, Baba Habu Direba ya kawo mini motarsa. Dattijo ne mutumin Ɗanzomo, abokin marigayi mahaifina, yana da tsohuwar Fijo akori-kura da yake ɗaukar riɗi da awaki zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis. Da ita yake ci da gidansa. Jikinta ya sha duniya, amma injinta lafiyayye ne don tsabar tattali. Ƙaramin gyara ya kawo, na ce masa sai an sauke inji, ya ba ni mako guda. Bai yi musu ba. Ya ce, "Ai kai ɗana ne, yi yadda ka gani."

Na sauke injinsa na ba dillali, shi kuma ya ba ni wani gajiyayye mai shan baƙin mai yana aman hayaƙi. Sai na yi dabarar da na ƙware a kai: na haɗa man giyar mota mai kauri da baƙin mai na ɗura masa. Kaurin yakan toshe hayaƙin na ɗan lokaci. Baba Habu ya karɓi motarsa har da sa mini albarka.

Bayan mako uku hayaƙi ya dawo kamar ana toyi a gona. Masu duba lafiyar motoci suka tare shi a hanyar Gagarawa. Babbansu, Malam Bulus, mutumin Filato ne da bai san wasa ba. Ya duba lambar inji, ba ta yi daidai da ta takarda ba. Da 'yan sanda suka bincika, ashe injin na wata motar sata ce. Aka kulle dattijon nan kwana tara. An ce mini duk tambayar da suka yi masa, cewa yake yi ɗansa ba zai cuce shi ba, sai dai in kuskure aka yi. Ni kuwa ina gareji na yi gum. Har yau in na tuna shirun nan, ya fi satar ƙona mini rai.

Dillalin ne ya tona ni da dubunsa ta cika. Alƙali ya ba ni shekara huɗu. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba, kwarkwata da gabza ba abin tinƙaho ba ne. Abu ɗaya na ƙudura a can: in na fito da raina, sai motar Baba Habu ta koma hanya ta halal.

Da na fito, Ɗanzomo na fara zuwa. Na tarar da motar a kan duwatsu, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Na durƙusa na nemi gafara. Baba Habu ya ce ya yafe, amma motar in bar ta, ta mutu. Na ce ban yarda ba.

Ba mai ba ni mota gyara a lokacin, wa zai ba kura ajiyar nama? Facin taya na koma yi a Gagarawa Tasha. A hankali na samo tsohon inji daga Kano da rasiɗinsa, na kai aka canza lambar a takardun motar. Wata bakwai ina haɗa shi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, mutanen gari na wucewa suna cewa ɓarawo ya dawo ɗaukar saura.

Ranar gwajin neman takardar lafiyar mota a Gumel, Malam Bulus ne dai. Ba shi da wata na'ura, farin ƙyalle yake karawa a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya ce a taka totur. Na taka. Ƙyalle ya fito baƙi. Ya ce mu koma. Na sake ringin fistin, muka dawo bayan wata guda, ƙyalle ya sake yin duhu.

A hanyar komawa Baba Habu ya dafa ni ya ce, "Ɗana, na gaji. Zuba mata abin nan naka mai kauri, mu samu takardar kawai."

Wallahi sai da zuciyata ta raya mini. Aikin minti biyar ne, kuma mai motar ne da kansa ya nema. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ko sau goma za a mai da mu, ba zan ƙara ba." Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Na sake sauke injin gaba ɗaya, na ɗora bulok ɗin, wato gangar jikinsa, a motar kasuwa na kai Kano aka gyara ramukan fistin. Karo na uku Malam Bulus ya kara ƙyalle, ya sa na taka har sau uku don bai yarda da ni ba, kuma da gaskiyarsa. Sannan ya sa hannu a takarda.

Na miƙa wa Baba Habu makulli, ina jiran in ga ya zauna a mazauninsa. Ya shafa makullin, ya mayar mini. Ya ce, "Kai za ka ja. Tun bara ba na ganin hanya, ban dai faɗa maka ba ne." A nan gaban jama'a na fashe da kuka, ƙato da ni. Shekarun da idonsa ke gani, ni na cinye su. Har ya rasu ni nake jan motar duk Alhamis, shi yana gefe yana sauraron inji.

Don haka, kai matashi da aka ba amanar mota, ko awo, ko shago, kada ka ce ƙaramin abu ne ba wanda zai gane. Ni ma haka na ce. Na tuba, an yafe mini, na mayar da inji, amma ban iya mayar wa dattijon nan da rana ko ɗaya a bayan sitiyari ba. Ka mayar da fulogin mutane tun mai shi yana gani.