Yashin Gwaggo

Kwanan baya ɗana ya kira masu gyara gidansa. Suka zura wata 'yar kamara mai doguwar waya cikin tiyon ruwan datti, muka tsaya muna kallon cikin bututun a allo. Kowa na mamaki, ni kuwa raina ne ya ɓaci, na koma ɗaki na zauna. Na taɓa ganin an leƙa cikin tiyo tun ba a san da wannan na'ura ba, kuma abin da aka gani ranar har yau yana ci mini rai.

Shekarar farin nan ce ta zamanin soja. Muna zaune Banifandu a Yamai, lokacin unguwar ba ta cika ba, tsakanin gida da gida sai fili. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Damagaram, mai son a ce gidansa na zamani ne. Ya sa aka yi mana wurin wanka da wurin wanke-wanke na siminti, aka binne tiyo ya bi ta lungun bayan ɗakuna ya faɗa gologo, ramin da ke shanye ruwan datti, can jikin katanga. Duk baƙon da ya zo sai an zagaya da shi ya ga aikin nan, sai ka ce shi ya haƙa da hannunsa.

A wannan shekarar Gwaggo ta zo mana. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni bayan rasuwar uwata, kuma ba ta da ɗa ko guda a raye. Awakinta sun mutu ɗaya bayan ɗaya a ƙauyenmu, arewa da Tawa, rijiya ta ƙafe, sai ta hau bayan kamiyo, motar ɗaukar kaya, da ƙulli guda. Da ta sauka ƙofar gidanmu ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ba ta da inda za ta in ban da wurina, ni da ita duk mun san haka.

Gwaggo ba ta iya zaman banza ba. Kwana biyu da zuwanta ta ƙwace shara da wanke-wanke. Yadda muke yi a ƙauye haka ta ci gaba: ta goge tukunya da yashi da toka har ta yi ƙyalli, ta kakkaɓe, sannan ta ɗauraye da ruwan da bai fi cikin moɗa ba. In ta ga na bar famfo yana zuba ina hira, sai ta taso ta rufe, ta ce, "Ɗiyata, ku mutanen Yamai ba ku tsoron Allah a kan ruwa." Ruwan da take taɓawa a wuni bai kai wanda maigida ke wanke ƙafa da shi ba.

Bayan wata uku sai tiyo ya toshe. Ruwa ya riƙa dawowa, ya kwanta a wurin wanka, ya bi ta ƙarƙashin katanga ya fita titi yana wari. Masu duba-gari suka biyo, suka tsaya a kan ruwan, suka rubuta wani abu, suka ce za su dawo. A zamanin nan ba a wasa da takarda. Ma'aikaci in sunansa ya shiga bakin hukuma, ko a kan me ne, ba ya sake barci mai daɗi. Maigidana kuwa yana da dalilin tsoro na biyu. Akwai wata babbar motar sarwis, ta wurin aikinsu, da aka hana kowa kwana da ita gida, shi kuwa duk Asabar sai ya zo da ita, ya tura ta lungun bayan ɗakuna, ya rufe da zana don kada maƙwabta su gani.

Ranar da masu duba-gari suka tafi, ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya.

"Yashi ne! Kullum ana ɗura yashi cikin tiyo. Nan ba ƙauye ba ne. In mutum bai san yadda ake zaman birni ba, ya tambaya."

Bai kalli Gwaggo ba, don suruka ce, amma tana zaune ƙofar ɗakinta tana jin kowace kalma. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince wake. Ni kuwa, da ya kamata in buɗe baki, na yi shiru. Abin da ya fi wannan muni, da maraice ni ce na je na ce mata, "Gwaggo, don Allah ki daina yashin nan." Matar da ta goya ni. Ta ce to. Daga ranar ba ta ƙara zuba ko ɗigo a wurin wanke-wanke ba, sai ta tara ruwanta a ƙwarya ta kai can fili ta zubar.

Tiyo bai buɗe ba. Maigida ya ce ai yashin ya riga ya cika shi, ya kuma fara maganar cewa akwai wurin da aka tara mutanen da fari ya koro a bayan gari, ana ba su hatsi, wai can za ta fi sakewa cikin irinta. Irinta! Na ce masa wannan ba zai yiwu ba, amma a ɗaki na faɗa, da ƙaramar murya, kamar mai roƙon alfarma.

Wata maƙwabciya ce ta haɗa mu da wani dattijo Bazabarme daga unguwar Gamkalle, wanda ya daɗe yana aikin tiyo. Ya zo ranar Lahadi da hantsi, da jakar buhu da dogon ƙarfe siriri. Maigida ya riga ya fitar da motar tun da sassafe. Ya tare dattijon da cewa yashi ne, a zo a kwashe kawai. Dattijon ya ce, "Maigida, ni ban gyara abin da ban gani ba. Mu jira rana ta zo tsaka."

Da rana ta take, ya ɗaga murfin simintin da ke bakin wurin wanke-wanke, ya kwashe ruwan da gwangwani har bakin tiyo ya bayyana. Ya fito da madubi biyu. Ɗaya ya ba ni, ya nuna mini yadda zan tare rana in jefa hasken cikin ramin. Ɗayan, ƙarami, ɗaure a bakin sanda, ya saukar da shi daidai bakin tiyo, ya kwanta rub da ciki yana juya shi a hankali. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa maigida ya zo ya gani da idonsa, shi kuwa ya ƙi, wai zai ɓata rigarsa. Ni na ba dattijon madubina, na durƙusa na duba. Ƙasan tiyon fes yake, ba yashin da zai cika cokali. Can ciki kuwa, inda ya kamata a ga rami zagayayye, rufin ne ya sauko ya haɗe da ƙasa, kamar gwangwanin da aka taka.

Dattijon ya zura ƙarfensa har ya tokare, ya riƙe wurin da yatsa, ya zaro. Ya shimfiɗa ƙarfen a bisa ƙasa, ya bi layin tiyo zuwa cikin lungu. Inda ƙarfen ya ƙare, ƙasa ta ɗan lotsa, ga sawun taya kwance a kai ɓaro-ɓaro.

"Ba daga ciki ba ne," in ji shi. "Daga bisa ne. Abu mai nauyi yana tsayawa nan."

Na jira. Wallahi na jira in ji maigida ya juya ya ce wa Gwaggo ta yi haƙuri. Tana tsaye bakin lungun, kalma biyu sun isa. Maimakon haka sai ya ja dattijon gefe yana raɗa masa cewa kada maganar mota ta fita, in masu duba-gari sun tambaya a ce yashi ne. A gabanta ya faɗa, yana tsammanin ba ta ji.

Washegari bayan maigida ya tafi biro, wurin aikinsa, na iske Gwaggo ta ɗaure ƙullinta. Na riƙe shi ina kuka, na ce ai gaskiya ta fito, kowa ya gani ba laifinta ba ne.

"Ɗiyata, ni na sani tun tuni," ta ce. "Ni ke sharar lungun nan. Tun watan jiya na ga ƙasa ta lotsa ƙarƙashin motar."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa, Gwaggo?"

"In na faɗa, maganar mota ta fita, su kore shi daga aiki, ku ci me? Gara a ce yashina ne. Amma ba ni iya ci gaba da cin tuwon mutumin da ya san ba ni ba ce, ya kuma ce a ce ni ce."

Ta ƙi in raka ta ko bakin titi. Sau biyu na je wurin mutanen fari bayan gari, inda ta koma, ina roƙonta ta dawo, ta ƙi. Zuwana na uku aka ce mini ta bi wasu 'yan garinmu sun koma arewa. Ban sake ganin ta ba. Labarin rasuwarta ne ya iske ni kafin damina ta faɗi.

Ranar da ta bar gidan, da maigida ya dawo cin abincin rana, na tsaya a kansa na faɗa masa duk abin da ta ce, ban rage ko kalma ba. Ya dubi kwano. Can ya ce, "To, ai ta kyauta." Sai ya miƙo mini hannu in zuba masa ruwa ya wanke, ni kuma na zuba.