Sunan Da Aka Kwafo Daga Kwalbar Turare

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, ranar sunan 'yar ƙanena a unguwar Abu Hail da ke Dubai ba za ta fita raina ba.

Ƙanen nan nawa irin mutanen ne da wata shida a Dubai ke sa su manta hanyar gidansu. Turare yake sayarwa a shagon wani Balarabe, amma in yana magana sai ka rantse shi ya gina kasuwar. Matarsa kuwa baiwar Allah ce, ta yi ɓari biyu kafin Allah ya ba ta wannan 'yar, don haka ko tari jaririyar ta yi sai ta ce a tafi asibiti.

Sunan mahaifiyarmu aka sa wa yarinyar, to dole a nemi na alkunya da za a riƙa kiranta da shi. Na ce a ce Ummi ko Walida. Ya taɓe baki.

"Yaya, wannan ai ƙauyanci ne. Khalas, na samo na Girkawa, ba mai irinsa a duk Kano. Ma'anarsa sarauniya."

A jikin kwalbar turare ya gan shi, iyakar bincikensa ke nan. Ba zan rubuta sunan ba, don yarinyar tana makaranta yanzu. Da na koma gida na duba a waya. Sarauniya ce kam a tatsuniyoyinsu, amma wadda ta yi alfahari da yawan 'ya'yanta, aka kashe su kaf a rana ɗaya, ta yi ta kuka har ta zama dutse.

Kwana huɗu ina sane, na yi gum da bakina. So nake a taru tukuna in sauke masa girman kan a gaban abokansa. Ranar suna ana cin shinkafa, yana ta koya wa baƙi yadda ake furta sunan, har da karkace leɓe, na ɗaga waya na karanta musu labarin tiryan-tiryan. Aka yi dariya, na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai na ga mai jegon tsaye a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙame 'yarta.

"Yaya, tun yaushe kika sani?"

Na kife wayar a cinyata. Shi kuma gogan ya sunkuyar da kai ya ce ai tun shekaranjiya ya sa an rubuta sunan a takardar haihuwa, yana gaggawar fasfo. Da na yi magana ranar farko, da bai kai ga haka ba.

Ummi muke kiranta har yau, amma duk ranar da aka kira ta a asibiti da sunan takarda, uwar sai ta yi a'uziyya. Shi jahilci da iyayi suka ja shi, har gobe ina raina masa. Ni kuwa na sani na ɓoye don in ci masa fuska. Tun daga ranar na koyi cewa in na ga kuskure in faɗa da wuri, tun yana gyaruwa.