Baƙon da Ya Hau Wayifan Kawu Sani Ba Sallama

Duk wanda ya san Kawu Sani ya san ba ya hana kowa wayifai. Sharaɗinsa ɗaya ne: ka zo zaure ka yi sallama, ya amsa, sannan a sa maka lambar sirri. "Iskar nan a gidana take kwana," in ji shi. "Ba a faɗo wa mutum gida kamar akuya."

Tun da ɗansa ya aiko masa da akwatin wayifan daga Kano, ni ya ɗora a kan dubawa, wai ni 'yar ƙanwarsa ce kuma na yi boko. Duk wayar da ta hau sai ya raɗa mata suna. Emeka mai sayar da kayan gyaran babur ya yi sallama har da durƙuso, Kawu ya ce in sa "Mai Ladabi". Wani ɗan acaɓa daga Mashi ya tsaya a kan babur ya ce, "Baba, a taimaka da lamba." Kawu ya ce, "Sauko! Kai za ka hau ko babur ɗin?"

Ranar Juma'a kuwa, kafin azahar ya kashe akwatin. Da muka yi ƙorafi sai ya ce, "Ya tafi masallaci. Ku bi shi."

To, wata rana bayan la'asar sai na ga baƙuwar waya a ciki, ba suna, sai wasu lambobi.

"Kawu, wani ya hau."

"Ba sallama?" Ya cire hula ya mayar. Ya tara 'yan gida kowa ya kashe wayarsa, baƙo yana nan daram. Ya sa aka zare talabijin, aka zare fanka, har firij. Na ce firij ba ya hawa intanet. Ya ce, "Ke kika ƙera shi?"

Na ce a toshe shi kawai, danna ɗaya ne.

"A'a. Ban taɓa korar mutum ban ga fuskarsa ba. Kashe akwatin, mu hau soro mu ga wa zai fito."

Kai, wallahi dabara ta yi! Ba mu daɗe ba sai ga Malam Idi, maƙwabcinmu na bayan katanga, wanda suka yi shekaru ba sa magana da Kawu saboda rigimar indararo. Tsoho ya hau kan turmi, ya ɗaga waya saitin katangarmu yana ta kira, "Auwalu! Auwalu, kana jina?" Ɗansa ne, direba, yana can Agadas, ta intanet kawai suke jin muryar juna. Ashe matar Malam Idi ce ta samo lambar a wurin matan gidanmu.

Kawu ya zuba masa ido daga kan soro. Can ya ce, "Idi ba zai taɓa zuwa zaurena ba. Na san kansa, irin nawa ne." Ya sauka ya kunna akwatin da hannunsa, ya ɗauke shi daga falo ya kai tagar da ke kallon katanga.

"Wane suna zan sa?"

"Sa Indararo. In kika gaya masa, ba ni ba ke."

Ban taɓa alfahari da Kawu kamar ranar ba, kuma ban gaya wa kowa ba.

Da Kawu ya rasu, ranar ta'aziyya Malam Idi ya kira ni gefe. "'Yar nan, na gan ku a kan soro ai. Da sabis ya cika a ɗakina na san aikin Sani ne. Na yi shiru don kada in ba shi kunya. Ina ta cewa gobe zan yi masa godiya." Sai ya rufe fuska da babbar rigarsa yana kuka.

Allah Ya jiƙan Kawu Sani, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da maƙwabcinsa a gidan da ba rigima. Amin.