Likitan da ya hana mu cewa "da sauƙi"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyar ga watan Mayu, da hantsi, na kira lambarka kamar yadda na saba duk mako, sai na ji muryar mace. 'Yarka ce. Ta ce, "Baba ya rasu jiya bayan la'asar." Ina tsaye a shagon askina da tawul a kafaɗa lokacin da na ji wannan labari.

Likita, shekara biyu muna magana ban taɓa ganin fuskarka ba. A asibiti aka ba ni lambar, aka ce akwai likitan gashin ƙashi da ya yi ritaya, yana sauraron masu ciwon baya da wuya ta waya. Ni kuwa yini nake sunkuye a kan kawunan mutane, wuyana ya sandare, sai na juya gaba ɗaya kafin in ga mai sallama. Kai ka sa na ɗaga kujerar aski da katako. Kai ka raba ni da filo uku. Ka koya min jan haɓa baya sau goma, matata tana dariya wai na koma talotalo. Ba ka taɓa nuna min ka gaji ba, alhali na san ni mai naci ne.

Doka ɗaya ka kafa: ban da "da sauƙi". Kana cewa, "Mai aski, ba na ganinka, kunnena ne idona. Mutanenmu ko rai na fita, da sauƙi za su ce." Sannan ka jero tambayoyinka: ciwon ya sauko hannu? Yatsu suna mutuwa? Abu yana suɓucewa? Ka ce ranar da hakan ta faru, maganar waya ta ƙare, asibiti zan nufa.

Yau zan faɗi abin da na ɓoye maka. Wata biyu ke nan babban yatsana da manuni na hannun dama ba sa jin komai sosai. Sau biyu reza tana suɓuce min, na biyun ta wuce ta gefen kunnen wani dattijo, Allah ne ya tsare. Tsoro ya hana ni magana. Ina tsoron a ce sai an yi min aiki a wuya, ina tsoron in kwanta in kasa tashi, ga yara huɗu suna ci daga wannan hannun.

Kiranmu na ƙarshe, muryarka ta yi ƙasa, numfashinka yana sarƙewa. Na ce, "Likita, ya jiki?" Ka ce, "Da sauƙi." Da ka tambayi hannuna, ni ma na ce da sauƙi, ina jiran faɗa. Sai ka ce, "To, mu biyu ke nan. Mako mai zuwa ka gaya min gaskiya."

Makon ya zo, ba ka nan. Wallahi har yanzu ban sani ba ko na makara. Amma na rufe shago, na karɓi katin asibiti, gobe da safe matata za ta raka ni. Duk abin da aka tambaye ni zan faɗa yadda yake.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da 'yarka da ta daure ta amsa kiran baƙo a ranar makoki, da duk masu riƙe da lambarka. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Likita, Ya yafe kurakuranka, Ya saka maka da Aljanna. Sauƙin nan da ka ce min ka samu, Allah Ya sa ya tabbata a kabarinka.