Hagun Baba Tela

Shagona na gyaran agogo a jikin na Baba Tela yake. Katako ne kawai tsakaninmu, ko tari ya yi sai na ji. Tsoho ne mai taurin kai, ni ma ba kanwar lasa ba ne. Da na ƙara muryar rediyona zai buga katakon ya ce na cika masa kunne, ni kuma in ƙara don neman magana.

Tun yana saurayi yake ɗinki. Da ya yi aure matarsa ta shigo shagon, aka ajiye mata kujera a bayansa ta hagu. Ya gama riga, ya juya ya miƙa mata, ita ta sa maɓalli. Har sunanta ya ɓace, kowa Mai Maɓalli yake ce mata. Bayan rasuwarta wuyansa ya ƙage. In ka kira shi sai ya juyo gaba ɗaya kamar ƙofa, shi ma ta dama. Hagu kam ko kusa. Maɓalli ya koma sawa da kansa, kujerar kuma ba wanda ya taɓa ta.

'Yarsa ɗaya ce, tana aure can nesa. Ta buga waya ta ce, "Baba, in wuyan nan bai saki ba, ka rufe shago ka dawo wurina." Ina jin sa ta katako yana cewa sai dai a fitar da gawarsa.

Tsoron rabuwa da shagon ne ya kai shi asibiti. Likita ya ce ƙananan gaɓoɓin wuyan ne suka gaji. Aka yi masa allurar gwaji ta kashe zafi, ciwon ya lafa, aka gane jijiyar da ke kai saƙonsa. Likita ya ce saura a zura siririyar allura, a ɗumama bakinta da igiyar rediyo, a ƙona 'yar jijiyar. Tana iya tohowa wata rana, amma zai huta. Sai dai dole ya zo da wanda zai mai da shi gida.

Ya leƙo shagona yana kame-kame. "Mai agogo, gobe kana da aiki?"

Ni da muka kwana ba ma magana! Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce, "Rediyon da kake zagi, ga shi nan shi zai yi maka magani." Ya ce in rufe masa baki.

Na zauna a benci har aka fito da shi da filasta a ƙeya. Ya yi 'yan makonni yana mita, wai sun ƙara masa. Sai wata safiya ina jin keken ɗinkinsa yana gudu, ya tsaya, na ji ya ce, "Ungo, sa mata…" Daga nan shiru.

Na shiga. Ya juya hagu sarai, hannunsa a miƙe da riga. Ga kujera, ga gwangwanin maɓalli a kanta, har da allurarta da guntun zare.

Na ce, "Baba, barka, wuya ya saki."

Ya ce, "Ya saki." Bai sauke hannun ba. "Ashe ciwon nan ne yake hana ni gani."

Ya kira 'yarsa a gabana. Ta yi ihun murna, ta ce to shi ke nan, ya ci gaba da shagonsa. Shi kuwa ya ce, "Ɗakin nan da kika ce kin gyara mini, yana nan?"

Yanzu mai sayar da waya ne a shagon. Ina kewar tsohon nan, ba zan ɓoye ba. Nakan ƙure muryar rediyo in zauna ina jira, ba wanda yake buga katakon.