Man shanu a bangon ɗakin Inna

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Isufu ya kira ni daga Fatakwal, inda yake cin rani, ya ce in rushe ɗakin da na gina wa mahaifiyarsa ba. Ku da kuka zo shantiye, wajen aikin ginin nan, bayana, ku ji yadda aka yi.

A lokacin na fara buga bulo mara nauyi, wanda ake gauraya siminti da yashi da dakakken ɓawon gyaɗa. Wani tekinisiyan daga Damagaram ya koya mana shi, ya ce 'yan ramukan iskar da ke cikinsa ne ke hana zafi wucewa. Da shi na yi ɗakin Inna a nan Matameye, na rufa da tol, wato kwanon rufi. Muka gama cikin ɗari, ta shiga tana ta sa mini albarka, wai ko garwashi ba ta nema.

Bazara na shigowa ta kwashe tabarmarta ta koma tsohon ɗakinta na ƙasa. Ɗakin nan kuwa ya tsage tun daga sama har ƙasa, hannuna na shiga tsagar. Kowa ya san ruwan farko zai iya kayar da shi, ga damina ta matso.

Da Alhaji ya ji haka ne ya kira ni, wai in rushe sabon ɗakin. Na ce, "Alhaji, ka ba ni dama in gano dalili tukuna." Gaskiya na ji haushi, amma mamaki ya fi haushin yawa. Yaya bangon da ya yi hali cikin ɗari zai sake hali?

Da azahar na je gidan. Na ce, "Inna, me ɗakin ya yi miki?"

Ta ce, "Kai Mamman, tanderu ka gina mini. Shiga ka zauna, in ka gasu a kawo yaji."

Na shiga, nan take gumi ya wanke ni. Na dafa bango ta waje, kamar ya ƙone mini tafi. Ta ciki kuwa ɗumi ne kawai. To ta ina zafin ke zuwa? Na roƙi Inna ɗan man shanu. Na shafa a bango, na hau turmi na shafa a katakon da ke ƙarƙashin tol. Kafin in sauko, man da ke sama ya fara ɗigo mini a wuya, na bango kuwa sai can ya yi laushi. Inna na bakin ƙofa tana dariya, wai magini ya koma yi wa ɗaki miya.

Na kira tekinisiyan. Ya ce lalle bulon kan ƙara barin zafi ya wuce in gari ya yi zafi sosai, balle in ya sha danshi, amma ba shi ne babbar matsalar ba. Tol ke zubo zafi, bangon kuma ya hana shi fita, kamar yadda ya riƙe mata ɗumi cikin ɗari. Ashe halinsa bai sake ba, gari ne ya sake.

Muka yi filafon, wato silin a ƙarƙashin tol, da zana, muka huda 'yan tagogi biyu a can sama suna kallon juna, muka yaɓe bangon waje don danshi. Inna ta ƙi yarda sai da ta shafa man da hannunta a filafon ta ga bai ɗiga ba. Sannan ta ce a mayar mata da kayanta.

Ruwan farko ya zo da iska da la'asar. Da na isa gidan, bangon tsohon ɗakin ya zube daidai inda take shimfiɗa tabarma. Na ruga ina nemanta. Ita kuwa tana zaune a sabon ɗaki da carbinta, ta dube ni ta ce, "Mamman, saura kuma ka biya ni man shanuna."

Tun daga ranar ba na yabon ɗaki sai ya ga ɗari da bazara da damina, kuma ba na jayayya da wanda ke kwana a ciki.