Ranar da Gayyar Littafina Ta Koma Gonar Shinkafa

Ni malamin aikin gona ne a wata kwaleji da ke Haɗejiya, kuma kwas ɗin da na fi daɗewa ina koyarwa shi ne na noman rani, wanda ake yi wa 'yan shekarar farko. Littafin da manhaja ta ce a karanta daga ƙasar waje aka rubuto shi. Yana da kyau, ban ƙi ba, amma tsadarsa ta fi ƙarfin iyayen ɗalibaina, waɗanda yawancinsu manoma ne daga Kaugama da Miga da Kafin Hausa da ƙauyukan da ke tsakani. Kwafin da ke laburare ya sha hannu har bangonsa ya rabu da shi. Ga shi kuma babu layi ɗaya a cikinsa a kan laka irin ta fadamarmu, wadda take riƙe fartanya da damina, ta tsattsage da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Shekara da shekaru ina cewa zan rubuta nawa in raba wa yara kyauta. Takardun suna nan jibge a kwali, da rubutun hannuna wanda ni ma wani lokaci sai na yi da gaske nake karanta shi.

Hajiyar da ke shugabantar laburarenmu ce ta tayar mana da zaune tsaye. Ta je wani taron bita ta dawo da zancen littattafan da ake saki da izini a rubuce, cewa kowa na iya kwafa, ya gyara, ya raba, muddin ya ambaci waɗanda suka rubuta. Babarbariya ce, kakanninta daga bakin Tafkin Chadi suka taso, ni kuwa uwata Bafillatana ce, don haka akwai wasa tsakaninmu, ba ta kirana da komai sai Ɗan Fillo. Ta tara mu daga sassa daban-daban, ta yi bayani, kowa ya gyaɗa kai, kowa kuma ya ce ba shi da lokaci. Gaskiyar magana, ba lokacin ne kaɗai babu ba. Ni da yatsa biyu nake buga kwamfuta. Matashin malamin kwamfuta da muke kira Injiniya ya iya tsara shafi kamar a maɗaba'a, amma idan ya rubuta jimla sai ka nemi inda ta dosa ka rasa. Dattijon sashen Hausa, wanda duk kwaleji ke kira Baba, gwani ne wajen gyaran rubutu, amma bai yarda da duk wani abu mai maɓalli ba.

Ni na buɗe baki na ce, to me zai hana mu yi gayya? Duk wanda ke ɗakin ya tashi ya ga ana yi a gona. A ware wa kowa ranarsa, a taru a kan littafinsa, shi kuma ya kawo takardunsa da abinci. Aka yi dariya, amma kowa ya ga abin zai yiwu. Aka ce Baba ne farko saboda girmansa. Da aka zo kaina, sai Hajiya ta ce, "Ɗan Fillo, kai ne ƙarshe. Kai ka kawo shawara, kada a ce don kanka ka kawo." Na yarda ina gunaguni. Na san halin gayya: gonar ƙarshe ita ake yi wa da gajiya, wani lokaci ma ba a zuwa.

Muka ɗauki kalandar makaranta muka jera ranakun Asabar na dogon hutu, tawa ta faɗa dab da dawowar ɗalibai. Mu duka 'yan fadama ne, kusan kowannenmu yana da 'yar gonar shinkafarsa, amma babu wanda ya tuna ya tambayi kansa me kogi yake yi a wannan lokaci na shekara. Kalandar makaranta kawai muka duba.

Ban taɓa jin daɗin hutu kamar wannan ba. A laburare muke haɗuwa saboda nan ne ake da wutar sola. Masu bugawa suna bugawa, malamin lissafi yana duba alƙaluma, wata malama daga sashen zane tana yi mana hotuna, Baba yana bin kowa da jan biro. Hajiya ba ta da littafin kanta, amma ita ce makaɗiyar gayyar, tana yawo tsakanin tebura tana zuga wannan tana tsokanar wancan, kuma ita ke hana mu ɗauko hoton da ba mu da izininsa. Doka ɗaya muka kafa wadda ta fi kowace amfani: duk babin da aka gama, sai an karanta wa mutumin wani sashe, in ya ce bai gane ba a koma a sake. A ranar Injiniya ni aka ba kujerar sauraro. Na ce masa ban gane ba har sai da ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Malam, Allah ya kai mu ranarka." Na ce amin, ina dariya.

Abinci kuwa ya zama gasa. Wannan ya kawo dambu, wancan ya ce sai ya fi shi. Saboda haka da ranata ta matso, maman yara ta ɗauki abin kamar suna za a yi a gidan. Ta ce ba za a ce matar malamin gona ce ta zo ƙarshe a girki ba. Ta yi burabusko da miyar kifi banda, ta dama kunun tsamiya, ta cika manyan kuloli har da ƙyar but ɗin mota ya rufu. Ni kuma na jera takarduna babi-babi, na sa farar riga sabuwar guga. Zuciyata tana kan abu ɗaya: in ba a yi littafin nan yanzu ba, sababbin ɗalibai za su sake shiga ajina hannu wofi, sai kuma wata shekarar.

Na isa laburare da hantsi na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na zauna a kan dakali na jira. Na kira Hajiya, ba ta ɗauka ba. Na kira Injiniya, wayarsa tana ta ƙara. Rana ta fara zafi, ƙamshin miya yana fitowa daga mota, ni kuwa raina yana ta ɓaci. Na tuna yadda na zauna na buga wa malamin lissafi shafuka da yatsuna biyu har wuyana ya ƙage. Na shirya maganganun da zan faɗa wa kowa ranar Litinin, masu zafi, na maimaita su a raina har suka yi daɗi. Daga nan na kira gida don in sami wanda zan huce a kansa.

Maman yara ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baban yara, yaushe rabonka da buɗe saƙonnin rukuninku na malamai a waya?" Ta san ni, ba na buɗewa, don mutane sun cika turo gaisuwar Juma'a. Ta ce yanzu maƙwabciya ta shigo take gaya mata jinga ta ɓalle da asuba ta wajen gonar Baba, ruwa ya shiga shinkafa, duk mai lauje ya tafi can. Na duba waya, ga saƙon Injiniya tun sassafe, har da ba ni haƙuri. Ta ƙara da cewa, "Ni dai abincin nan ba zai dawo mini gida ba. Ka san inda masu cin sa suke."

Na bi hanya da mota har inda ta ƙare, na roƙi mai amalanken shanu ya ɗora mini kulolin. Da muka hau wani ɗan tudu sai ga gonar a gabana, ta zama tafki, kawunan shinkafa kawai ke leƙe. Shinkafar ta nuna amma ba ta gama bushewa ba, sauran kaɗan a yanke ta cikin natsuwa. Baba yana cikin ruwa har ƙugu, ba hula. 'Ya'yansa duk suna aiki a wasu garuruwa, gonar nan ita ce abincin gidansa. Malamin lissafi yana tura kwalekwale cike da dami. Injiniya ya riƙe lauje kamar mai tsoron kada ya cije shi. Hajiya kuwa tana kan tudu ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana nuna wa masu ɗauko dami inda za su shanya, muryarta har ƙetaren gona. Da ta hango ni ta ce, "Ga ango nan da farar riga."

Fushina ya tafi nan take, amma ba zan ɓoye ba, baƙin cikin littafina bai tafi ba. Na duba ruwan na san ba gonar Baba kaɗai zai tsaya ba, gobe ta wani ce, jibi ta wani, har da tawa. Na ce a raina shi ke nan, bana ma an wuce. Na tuɓe rigar na rataye a kan ƙaya, na karɓi laujen Injiniya na ce ya je ya taya ɗaukar dami kafin ya yanke wa kansa yatsa.

Aiki ne mai wuya, amma an yi dariya a ranar fiye da duk Asabar ɗin da muka yi a laburare. Matsattsaku ya kama malamin lissafi a ƙwauri, ya yi tsallen da ya kusa kifar da kwalekwale. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka shigo da nasu laujen, samarinsu suna waƙa, mu malamai muna amshi ba tare da mun san baitin ba. Injiniya ya ɗaure wayarsa a leda yana ɗaukar hoton inda jingar ta ɓalle. Ba mu ceci gonar duka ba, gefen da ke kwari ya riga ya nutse, amma mafi yawa ya hau tudu. Muka yi sallah a kan tabarmar buhu, sannan aka buɗe kuloli.

Ban taɓa ganin an ci abinci da gaskiya irin haka ba. Sai da Baba ya suɗe hannu ya sha kunu, sannan ya tambayi wa ya aiko da wannan alheri. Hajiya ta ce, "Abincin gayyar Ɗan Fillo ne, Baba. Yau ce ranarsa." Baba ya daɗe yana kallon kular da babu komai a ciki. Na yi sauri na ce a bar maganar, kowa yana da gonarsa, a bari sai wani hutun. Ya ce, "A'a, Malam. A inda na tashi ba a cin abincin mai gayya a tashi a bar masa gona. Da ba mu ci ba, da sai mu ba ka haƙuri. Amma mun ci, har da ƙari." Ya waiwaya ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. Malamin lissafi ne kawai ya ce shi ai ƙarinsa kaɗan ne, aka fashe da dariya.

Haka aka yi. Da safe muna gonar wanda ruwa ya fi matsa wa, bayan azahar mu tattaru a laburare, ƙafa duk laka, Hajiya tana faɗan an ɓata mata daɓe. Mutane suna buga takarduna suna gyangyaɗi, suna tsine wa rubutun hannuna. Injiniya ya nemi kujerar sauraro da kansa, ya harɗe ƙafa, kuma ya rama har da riba. Abin haushin shi ne duk inda ya ce bai gane ba, in na sake dubawa sai in ga yana da gaskiya. Hotunan da ya ɗauka a gonar Baba suka shiga babin jinga da magudanan ruwa, babin da tun farko ban yi niyyar rubutawa ba. Har ɗalibai suka fara dawowa babin ƙarshe bai kammala ba, na ce a dakata. Hajiya ta ce, "Ɗan Fillo, sake shi haka. Wannan ba irin littafin da ake rufewa ba ne, in ka gama sai mu ƙara." Ta sa sunayenmu duka a shafin farko, ta ɗora shi inda kowa zai iya saukewa, ta buga wasu kwafi ta ajiye don waɗanda ba su da babbar waya.

Ranar lakcar farko na shiga aji kamar yadda na saba. Tunda na fara koyarwa, abin da nake yi shi ne in tsaya in yi ta shifta, su kuma su sunkuyar da kai suna rubutu har lokaci ya ƙare, don in ban yi haka ba babu abin da za su karanta. Na buɗe takarda na fara, a hankali, ina maimaita kowace jimla. Ban yi nisa ba na lura babu mai rubutu. Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, ai muna da shi. Tun jiya muka tura wa juna."

Na tsaya da takarda a hannu, ga lokaci mai yawa a gabana, ban san abin da zan yi da shi ba. Sai wani ɗalibi daga can baya ya miƙe. Ya ce shi daga Miga yake, ya karanta babin ban ruwa, amma yana so ya san me ya sa wani farin abu kamar kanwa yake fitowa a gonar babansa duk lokacin da suka yi noman rani. Kafin in amsa, wata ta ce tasu ma haka take yi. Wani ya ce su a wajensu ba ta yi, kuma yana ganin ya san dalili. Murna ta cika ni. Na ajiye takardar, na jawo kujera na zauna, na ce wa na Miga ya matso gaba ya faɗa mana yadda gonar tasu take tun daga bakin ruwa.